Famfon rodi: abin da tuƙa-tuƙan Wurno da Rabah ke nunawa game da man Sakkwato

Duk lokacin da aka tayar da maganar neman man fetur a ƙasar Sakkwato, hoto ɗaya ne ke zuwa wa mutane a rai: a huda ƙasa, baƙin mai ya yi tsiri sama, jama'a su ɗauki kabbara. Akwai irin wannan rijiya, amma ba ta da yawa, kuma ko wadda ta fara da tsiri galibi ba ta daɗewa a haka. Mafi yawan rijiyoyin mai na kan tudu a duniya janyo man ake yi, da wani famfo mai gyaɗa kai dare da rana, wanda ke ɗaga jerin rodin ƙarfe yana saukewa a cikin rijiyar. Wannan famfo kuwa ba baƙo ba ne a Wurno da Rabah da Goronyo. Ƙaramin samfurinsa na nan a bakin makarantun firamare da ƙofar asibitocin sha-ka-tafi, yara na tuƙa shi safe da yamma, ana ce masa tuƙa-tuƙa. Wanda ya fahimci yadda tuƙa-tuƙa ke aiki, da dalilin da ya sa yake yawan mutuwa, ya fahimci rabin harkar mai.

A fara da abin da ke sa mai ya hau da kansa. Mai ba kwance yake cikin wani tafki a ƙarƙashin ƙasa ba. A cikin ƙananan kafofin dutse yake, galibi dutsen yashi ko na farar ƙasa, a matse tsakanin ruwan gishiri daga ƙasa da iskar gas daga sama, wani gas ɗin ma a narke cikin man kansa. Idan aka huda wurin, matsin nan ne ke turo man cikin bututu. To amma man da ya cika bututun yana da nasa nauyin, kuma yana danna baya. Kowace mita 10 ta ruwa a tsaye tana danna ƙasa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu gaba ɗaya. Mai ya ɗan fi ruwa sauƙi, amma rijiya mai zurfin mita 1,000 sai matsinta ya ninka na iskar sararin sau tamanin ko fiye kafin ɗigo ɗaya ya kai baki. Kullum ana ɗiba, kullum matsin na raguwa. Ranar da ya kasa ɗaukar nauyin abin da ke cikin bututun, sai man ya tsaya a rabin hanya. Rijiyar ba ta ƙafe ba, kaso mafi tsoka na man yana nan a dutsen, ƙarfin hawa ne kawai ya ƙare.

Arewa ta taɓa ganin wannan da idonta, a kan ruwa. Daga ƙarshen shekarun 1950 an haƙa rijiyoyin burtsatse a yankin Tafkin Cadi na Borno waɗanda ke ambaliya da kansu ba inji ba famfo, aka bar da yawa a buɗe suna kwarara dare da rana don shanu, sannu a hankali ƙarfinsu ya yi ta ja da baya. A nan yammacin ma, binciken da hukumar safiyon ma'adinai ta Najeriya ta yi tare da takwararta ta Amurka a shekarun 1960 ya nuna akwai irin wannan ruwa mai turo kansa a shimfiɗar yashin Gwandu, wajajen Birnin Kabi da Argungu. A harkar mai, misalin da aka fi sani shi ne Spindletop a jihar Texas ta Amurka: ranar 10 ga Janairu 1901 rijiyar ta ɓalle, ta yi kwana tara tana feshin abin da aka ƙiyasta ya kai ganga 100,000 a yini. Mahaƙa suka yi wa wurin rubdugu, rijiya a gefen rijiya, cikin 'yan shekaru kaɗan matsin ya zube.

Idan rijiya ta kai wannan matsayi, me zai hana a kafa inji a bakinta a zuƙo man? Manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Rima ya san amsar ba tare da ya shiga aji ba. Injin ban-ruwan da ya yaɗu a fadamun nan tun shirin raya fadama na farkon shekarun 1990 yana zuƙo ruwa ne daga 'yar rijiyar bututu mai gajeren zurfi. Da sanyi, ruwan na kusa, inji na kamawa da wuri. Can cikin bazara, idan ruwa ya yi ƙasa, sai ka ji inji na ruri amma tiyo babu komai sai kumfa. Abin da manomi ke yi sananne ne: ya ɗauki shebur ya haƙa rami a gefen bututun, tsayin mutum ko fiye, ya yanke bututun, ya saukar da injin ciki, ya zuba ruwa a bakinsa ya sake ja. Ba ƙarfin injin ne ya gaza ba. Inji ba ya jan ruwa da gaske. Iska yake kwashewa daga bututu, nauyin iskar sarari kuma ya turo ruwan ya cike gurbin. Nauyin nan ba ya iya ɗaga ruwa sama da mita 10 da 'yan kai ko a lissafin takarda, a aikace kuwa bakwai zuwa takwas ne iyaka. Ko injin tirela ka kawo, dokar ba ta sauyawa.

Saboda haka idan ruwa ko mai ya yi nisa, famfon ne za a kai masa can ƙasa, ya turo daga gindi. Sai tambaya ta koma: ta yaya za a motsa famfon da ke nesa da hannu, cikin rami mai faɗin tafin hannu? Amsar da ta fi tsufa ita ce a ɗaura masa doguwar sanda.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake gyaran tuƙa-tuƙa ya ga kayan cikinsa a shimfiɗe a ƙasa. Makanike zai kwance kan famfon, ya cire sarƙar da ke haɗe da hannun tuƙi, sannan shi da yaransa su fara zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita uku, a cikin kowanne akwai siririn rodi mai zare a baki. Ana riƙe na ƙasa da matsefi kada ya suɓuce ya faɗa rijiya, ana kwance na sama da sifana. A can ƙarshe sai silinda ta fito, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Ita ce famfon. Duk sauran 'yan aike ne. A cikinta akwai fistin mai roba a gefe, da bawul biyu da ba sa barin ruwa ya wuce sai ta hanya ɗaya. Ɗaya a gindin silinda yake, ba ya motsi. Ɗayan a jikin fistin yake, yana hawa da sauka tare da shi. Idan rodi ya ja fistin sama, bawul ɗin fistin ya rufe, ruwan da ke kansa ya ɗagu, na gindi kuma ya buɗe sabon ruwa ya shigo. Idan fistin ya sauko, na gindi ya rufe, na fistin ya buɗe, ruwan ya haye kansa. Tuƙi ɗaya bai kai rabin lita ba, shi ya sa jarka mai lita 20 ke cin tuƙi wajen hamsin.

Famfon mai haka yake, ba ragi ba ƙari, sai dai girma da ingancin ƙarfe. Bawul ɗinsa ƙwallon ƙarfe ne mai tauri da ke zama daram a kan zobe. Fistin ɗinsa ƙarfe ne da aka goge ya shige silinda cif, ba roba. Rodinsa kowane ɗaya ƙafa 25 ne ko 30, kenan rijiya mai mita 1,000 za ta ci rodi wajen 130 a ɗaure da juna, nauyinsu kaɗai tan biyu zuwa uku, ban da nauyin man da suke ɗagawa. Wannan ba aikin damtse ba ne, shi ya sa ake kafa abin nan da ake gani a hotuna: mota mai aiki da lantarki ko gas tana juya bel, bel na juya akwatin giya da ke rage gudu ya ƙara ƙarfi, giya na juya wasu hannuwa masu ɗauke da manyan ƙarafa, su kuma suna karkaɗa wani dogon ƙarfe da ke kwance a kan ginshiƙi. A bakin dogon ƙarfen akwai lanƙwasasshen kai da ake kira kan doki, an yi shi haka ne domin igiyar ƙarfen da ke riƙe da rodi ta riƙa hawa da sauka a miƙe, kada ta karkace ta ci bakin rijiya.

Manyan ƙarafan nan su ne hikimar injin, kuma tsofaffin masu lambu ba za su ga baƙon abu ba, don dabarar jigo ce. Mai jigo na ɗaura curin laka a gindin sanda domin nauyinsa ya taya shi ɗaga guga cike, shi kuma ya ɗan yi ƙarfi wajen saukar da guga fanko, aikin ya rabu biyu daidai. Haka ƙarafan ke yi: lokacin da rodi ke sauka da nauyin kansa, su ake ɗagawa, lokacin da za a ɗago rodi da mai, su ke faɗowa su taimaka. Da haka ƙaramar mota ke yin aikin da babba za ta sha wuya a kai. Wani ma'aikacin kamfanin Lufkin a Texas, Walter Trout, shi ya tsara wannan siffa a 1925, kuma har yau ba ta sauya sosai ba. Asalin dabarar ya girmi haka nesa. Rijiyar Edwin Drake ta 1859 a Titusville, wadda ake ƙirga harkar mai ta zamani daga kanta, zurfinta kimanin mita 21 ne kacal, kuma famfon ruwa aka sa mata. Wasu rijiyoyin tuƙa-tuƙa na kan tudun Rabah sun fi ta zurfi.

Abin da ke kashe famfon mai ma ya yi kama da abin da ke kashe namu. Injin da ke bugu goma a minti yana bugu 14,400 a yini, sama da miliyan biyar a shekara, kowane bugu rodin na miƙewa yana komawa. Ƙarfe na gajiya, wata rana ya tsinke a mahaɗa. Idan ramin bai miƙe sosai ba, rodi na gogar bututu har ya huda shi. Yashi na shiga tsakanin fistin da silinda ya cinye su. Ruwa mai gishiri ko mai tsami na cin ƙarfen. Akwai kuma matsaloli biyu da suka fi damun rijiya mai ƙarancin matsi. Ta farko gas ne: idan ya taru tsakanin bawul biyun, fistin na matse shi yana sakewa, babu bawul ɗin da zai buɗe, inji na ta gyaɗa kai a sama babu ɗigo ɗaya da ke fita. Ta biyu gaggawa ce. Dutse mai rauni a hankali yake tsattsafo da mai. Idan famfo ya fi tsattsafin sauri, silinda ba ta cika, fistin ya sauko cikin fanko ya maku da fuskar man, girgizar ta bi rodi har sama. Matan da ke layin tuƙa-tuƙa a watan Afrilu sun san maganin: idan hannun ya yi sakayau ruwa ya yanke, a dakata rijiya ta tara. Kamfanonin mai ma haka suke yi, sai dai su na'ura ce ke auna nauyin da ke kan rodi a kowane bugu, ta kashe injin idan ta ga silinda ba ta cika, ta tayar da shi bayan wani lokaci.

Akwai wasu hanyoyin ɗaga mai. A yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, da wuya ka ga mai gyaɗa kai. Rijiyoyin can na ba da ganga ɗaruruwa ko dubbai a yini, da yawansu a fadama ko cikin teku suke inda babu wurin girka irin wannan inji, ga kuma gas a wadace, don haka sukan tura gas cikin bututu ya sassauta nauyin man ya hau. Akwai kuma famfon lantarki da ake zurawa can ƙasa, yayan sumon da muke sa wa rijiyoyin sola. Sumo na fitar da ruwa mai yawa, amma ba ya son yashi, ba ya son gas, ba ya son wutar da ke rawa, in ya ƙone kuma sai an zaro komai. Famfon rodi na ƙaramar rijiya ne, wadda ba ta da abin burgewa. A Amurka kusan kashi uku cikin huɗu na rijiyoyin da ke aiki ba sa wuce ganga 15 a yini, wato lita 2,400 ba kaɗan, abin da bai cika jarka 120 ba. Da yawansu ƙananan kamfanoni ne ke riƙe da su, wasu ma na iyali, kuma suna cin riba ne kawai saboda shagon kayan gyara na kusa, makanike na kusa, akwai mai zagayawa kullum ya saurari ƙarar inji ya duba ko wani wuri na yoyo.

To ina Sakkwato a wannan lissafi? Ƙasar nan gefen kudu maso gabas ne na wani babban kwari na duwatsun shimfiɗa da ya mamaye yammacin Nijar har cikin Mali, wanda masana ke kira Iullemmeden. Teku ya taɓa shigowa nan a ƙarshen zamanin manyan dabbobin da suka shuɗe, shekaru miliyan 66 zuwa 70 da suka wuce. Sunayen garuruwanmu ne ma a kan shimfiɗun: akwai ta Taloka, akwai ta Dukamaje, akwai ta Wurno, ukun ana haɗa su a ce rukunin Rima, a samansu akwai ta Dange da ta Kalambaina, wadda daga farar ƙasarta ake yin simintin Sakkwato. A shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku mai kama da kada, wanda masu binciken Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, inda kabarinsa yake tun 1837, sunansa na cikin littattafan ilimin duwatsu na duniya, ko da yake ban sha jin an faɗa wa ɗaliban yankin haka ba.

Tsohon teku da laka mai ragowar halittu su ne ke sa rai, don daga irinsu mai ke samuwa. Amma laka ba ta zama mai sai ta nutse ta dahu, a zafin da ya kama daga digiri 60 zuwa sama, wanda galibi sai a zurfin kilomita biyu ko fiye ake samu. Shimfiɗun ɓangaren Najeriya ba su da kauri sosai. Suna ƙara kauri ne idan aka nufi arewa maso yamma, wajen iyakar Nijar, kuma a kan wannan batu na kauri da dahuwa masana ke ta muhawara. Man da Nijar ke haƙa tun 2011 a Agadem, wanda ake tacewa a matatar Soraz kusa da Damagaram, ba daga wannan kwari yake ba. Daga wani tsagin ƙasa mai zurfi ne can gabas. Na Kolmani, tsakanin Bauci da Gombe, wanda aka sanar a 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Nuwamba 2022, shi ma nasa tsagin daban. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta ware asusu don bincike a irin waɗannan yankuna da ba a gama tantancewa ba, Sakkwato na cikin jerin, amma har yanzu ba a sanar da rijiyar kasuwanci ko ɗaya a nan ba.

A ganina, in ma Allah Ya sa an dace, abin da ya fi kusa da hankali shi ne ƙananan tarin mai marasa zurfi, masu ƙarancin matsi, irin waɗanda tun ranar farko ko bayan 'yan watanni za su nemi famfo. Ba abin raini ba ne. Amma arzikin irin wannan rijiya a hannun mai gyara yake, kuma a nan ne tuƙa-tuƙa ke ba da shaidar da ba ta da daɗi. Samfurin India Mark II, wanda gwamnatin Indiya da UNICEF suka tsara a shekarun 1970, ƙaƙƙarfa ne, sai dai canza robar fistin ɗinsa na buƙatar a zaro bututun ƙarfe gaba ɗaya, aikin mutum huɗu ko biyar da kayan aiki na musamman. Don kauce wa haka aka fito da Afridev a shekarun 1980, bayan gwaje-gwaje a Malawi da Kenya, wanda ake iya zaro rodi da fistin ta cikin bututun roba ba tare da an taɓa bututun ba. Duk da haka, ka bi ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Goronyo, ba za ka rasa ganin famfon da hannunsa ya saki ba, awaki na kwance a kan dakalinsa, mata sun koma tsohuwar rijiya da guga. Sau da yawa abin da ya kashe shi roba ce ko boris da kuɗinsu bai kai na buhun albasa ba. An yi bikin ƙaddamarwa, an ɗauki hoto, ba a bar wa kowa sifana ba, ba a ce ga wanda zai tara kuɗin gyara ba, kayan kuma sai an je Sakkwato ko Kano.

Sai maganar hanya. Inji mai gyaɗa kai a daji yake zama, shi kaɗai, yana buƙatar a leƙa shi kusan kullum. Gabashin Sakkwato kuwa shekaru ke nan yana fama da 'yan bindiga. Harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 bai gushe daga zukatan mutane ba, ƙauyukan Rabah da dama sun taɓa watsewa. Masu neman mai ma sun ɗanɗana irin wannan a Borno, lokacin da aka yi wa ayarin masu bincike na NNPC da Jami'ar Maiduguri kwanton ɓauna a yankin Magumeri a Yulin 2017. Inda manomi ke shakkar zuwa gonarsa, babu ma'aikacin da zai je duba bel da tsakar dare.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba, alhali ya fi shafar mutanen kwarin Rima kai tsaye. Famfon rodi ba ya tantance abin da yake ɗagowa. Rijiyar mai in ta kwana biyu, ruwan da take fitarwa yakan fi man yawa, wani lokaci ninkin-ba-ninkin, kuma ruwa ne mai gishirin da kan zarce na teku, gauraye da maiƙo. A inda ake bin ƙa'ida, akan raba shi da man a tanki, a mayar da shi can ƙasa ta wata rijiya daban da aka yi wa bututun ƙarfe da siminti mai kyau, wanda hakan ma na taimakawa wajen riƙe matsin dutsen. A inda ba a bi, a rami ake zubar da shi. Yashin Taloka da na Wurno, waɗanda masu bincike ke hasashen za su iya riƙe mai a inda suka nutse da zurfi, su ne dai a nan kusa suke riƙe da ruwan da burtsatsen yankin ke sha daga ciki. A samansu kuma ga fadamar da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ke shayarwa, inda ruwa ke ƙasa da mita takwas daga tafin ƙafa, inda shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa ke fitowa. Gishiri in ya shiga irin wannan ruwa, shekaru yake yi bai fita ba, kuma albasa na cikin amfanin gonar da ba sa jure shi ko kaɗan.